Firanjifani: Tarihin Reshen da ake Miƙawa Hannu da Hannu

A tsofaffin unguwannin Turawa na Kaduna da Zariya da Jos, da harabar wasu makarantu da asibitocin da aka gina tun kafin samun 'yancin kai, akwai wata gajeruwar bishiya mai kaurin rassa, launin toka, wadda ke tsayawa tsirara duk tsawon hunturu, ko ganye ɗaya babu. Baƙo zai rantse ta mutu. Sai bazara ta kama, zafi ya kai maƙura, ƙasa ta bushe ƙamas, sannan kan kowane reshe ya fashe da dunƙulen furanni farare masu ruwan ɗorawa a cibiya, ƙamshinsu ya cika gida bayan magariba. Masu sayar da fulawa a bakin titi firanjifani suke ce mata, masana tsirrai kuma fulumeriya. Na daɗe ina renonta a gidana, kuma abin da ya sa nake ganin girmanta shi ne, kusan duk wadda ka gani, a nan ko a ƙetare, ba daga iri ta tsiro ba. Wani ne ya yanki reshe ya miƙa wa wani. Da haka ta ƙetare tekuna, da haka kuma ɗan koyo zai fara a yau.

Asalinta ƙasar Meziko ce da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan, har zuwa arewacin Amurka ta Kudu. Can ma a kan duwatsu da gangaren tuddai take tsirowa, inda ake yin wata da watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Shi ya sa rassanta suka yi kauri, a cikinsu take ajiye ruwan da zai kai ta damina. Danginta ba baƙi ba ne a wurinmu. A lissafin masana gida ɗaya take da tumfafiya, da kariya mai kumburarren gindi wadda ita ma a rani take fure. Duk wanda ya taɓa tsinke ganyen tumfafiya ya ga farin nonon nan ya ɗigo, ya san jinin gidan.

Mutanen Aztek, waɗanda suka mulki tsakiyar Meziko kafin Sifaniyawa su ci birninsu Tenochtitlan a 1521, furen manya suka ɗauke ta, suna shuka ta a lambunan sarakai. A 1552 wani mai maganin gargajiya ɗan ƙasa, Martín de la Cruz, ya tsara littafin magungunan mutanensa, Juan Badiano ya mayar da shi harshen Latin, kuma tana cikin tsirran da littafin ya ambata. Da gangan na kawo sunayen mutanen nan biyu. An san bishiyar, an rene ta, an sa ta a takarda fiye da shekara 130 kafin Baturen da ake kiranta da sunansa ya sa ƙafa a yankin.

Baturen shi ne Charles Plumier, wani malamin cocin Katolika Bafaranshe da aka haifa a Marseille a 1646. Sarki Luwi na 14 ya aike shi tsibiran Karebiyan ya tattaro tsirrai, ya je sau uku, farawa daga 1689. Ba zan rage masa komai ba, mutum ne mai naci da hannun zane. Ya bar zane kusan 6,000 na tsirrai da kifaye da tsuntsaye, ya rasu a 1704 kusa da Kadis a Sifen yana jiran jirgin da zai kai shi Peru neman itacen da ake samun maganin zazzaɓin cizon sauro daga ɓawonsa. Abokinsa Tournefort ne ya raɗa wa bishiyar sunansa, masanin tsirrai Linnaeus ya tabbatar da sunan a 1753. Sai dai tsibiran da ya yi ta zane a cikinsu, Matinik da yankin da ya zama Haiti, gonakin rake ne da bayi 'yan Afirka ta Yamma ke nomawa da bulala a bayansu. Ba na iya karanta labarinsa ban tuna da wannan ba.

Me ya sa reshe ne ya yi tafiyar, ba iri ba? Dalilin yana cikin furen kansa. Ƙamshinsa ya fi tashi da dare saboda wani babban faɗa-wuta mai dogon baki yake kira, wanda ke yawo cikin duhu neman ruwan zaƙin fure. Ƙwaron zai zo ya zura baki, ya tarar babu komai, don furen firanjifani ba ya yin wannan ruwan sam. Ya tashi ya faɗa wani furen, nan ma wayam, amma a wannan kai-komo ya kwashi garin fure daga nan ya kai can. Wani masani, William Haber, ya bi diddigin wannan yaudara a dazukan Kosta Rika ya wallafa a 1984. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma a nan maganar ta kusa cika: bishiya za ta yi dubban furanni, amma da ƙyar ka ga kwanso ɗaya ko biyu. Idan ya fito, tagwaye ne manne a gindi kamar ƙahonin sa, sai ya yi wata takwas zuwa goma kafin ya tsage ya saki iri mai fiffike. Ko ka samu irin ka shuka, shekara biyu ko uku ko fiye za ka jira fure, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwar ba. Reshe kuwa ba ya saɓa alkawari. Launin uwa da ƙamshinta zai kawo, don a gaskiya ita ce dai aka raba biyu. Bugu da ƙari yana iya yin makonni, har watanni, a yashe ba ƙasa ba ruwa, bai mutu ba.

Wannan juriya ce ta sa ta dace da jirgin ruwa. Daga 1565 zuwa 1815, shekara 250 cur, jiragen Sifaniyawa suna zirga-zirga tsakanin Akafulko a Meziko da Manila a Filifin, suna kai azurfa suna dawowa da alharini da tangaran na Sin. Tafiyar zuwa Manila kan ci kusan wata uku. Tsiro mai laushi ba zai kai ba, amma sandar firanjifani ko a jikinta. Ta wannan hanya masana ke ganin ta shiga Asiya, kuma har yau sunan da mutanen Filifin ke kiranta, kalachuchi, daga na Aztek ya samo asali. Daga nan ta bazu har ta zama 'yar gida. A Indiya da Siri Lanka tana ƙofar wuraren bauta. A Bali kullum ana tsinkar furenta don ibada. Ƙasar Lawos ta ɗauke ta furen ƙasa, kamar yadda Nikaraguwa ta yi a can mahaifarta.

A Indunusiya da Malesiya kuwa makabartun Musulmi ta zauna. Wanda ya rene ta ba zai yi mamaki ba. Makabarta wuri ne da babu mai zuwa ban-ruwa kullum, ana son itacen da za a kafa a tafi a bar shi, wanda ba ya girman da zai mamaye wuri. Ga shi tana zubar da fararen furanni a kan kaburbura wata da watanni. Amma abin da ya zauna a makabarta mutane kan ji nauyin kawo shi gida. A Tailan an daɗe ana gudun shuka ta a tsakar gida, ana ganin tana jawo baƙin ciki. Sai da aka sauya mata suna camfin ya sake ta, kuma yau manoman Tailan suna sahun gaba wajen fito da sabbin launuka suna sayarwa duniya.

Inda labarin ya fi daɗi a wurina shi ne Hawai, tsibiran nan na tsakiyar tekun Fasifik. Yau idan aka ce firanjifani, hoton da ke zuwa wa mutanen duniya shi ne budurwar Hawai da fure a bayan kunne, a dama idan ba ta da miji, a hagu idan an riga an yi kamu. Da yawa sun ɗauka can ne asalinta. Alhali sai a 1860 ta isa, ta hannun wani likita Bajamushe, Wilhelm Hillebrand, wanda ya zauna a Honolulu kusan shekara 20 yana duba marasa lafiya yana kuma tara tsirrai daga ko'ina. Filin gidansa shi ne ya zama lambun Foster da ake ziyarta yanzu a birnin. Wadda aka fara kaiwa ita ce mai rawayar nan, kuma can ma makabarta aka nufa da ita. Furen matattu 'yan gari suka ɗauke ta, mutum ba ya rataya ta a wuya.

Mutanen Hawai suna da tsohuwar al'adar shirya fure ko ganye a zare su rataya wa baƙo ko masoyi, abin da suke kira lei. Da manyan jiragen fasinja suka fara kawo masu yawon buɗe ido daga Amurka a shekarun 1920 da 1930, matan gari suka mayar da al'adar sana'a. Ranar da jirgi zai iso sai su jeru a bakin tashar ruwa, hannuwa cike da sarƙoƙin fure. A 1928 aka fara bikin ranar lei, 1 ga Mayu. Mai sana'a tana neman furen da ke samuwa da yawa, mai araha, mai ƙamshi, mai sauƙin sakawa a zare. Firanjifani ta cika duka. Furenta yana da rami a tsakiya da doguwar allura ke bi sumul, kimanin fure 50 sun isa sarƙa ɗaya, kuma bishiya ɗaya a bayan ɗaki tana ba da na tsinka kowace safiya tsawon watanni. Baƙin da ke saye ba su san zancen makabarta ba, a hankali 'yan gari ma suka bar shi. Matan bakin tasha ne suka fito da ita daga cikin kaburbura, kuma a ganina sun fi likitan da ya kawo ta cancantar a tuna da su.

A 1931 wani masanin tsirrai, Harold Lyon, ya kawo wani nau'i daga lambun tsirrai na Singafo, mai farin fure da ganye mai sheƙi mai zagayayyen baki, wanda ba ya kakkaɓe ganyensa duka a rani. Har yau ɗan Singafo ake ce masa, alhali kakanninsa 'yan Karebiyan ne, sai da ya kusa zagaye duniya kafin ya iso. Sannan a 1953, a tsibirin Kauai, wani manajan gonar rake mai suna Bill Moragne ya yi abin da ya gagari mutane: ya tsaga wuyan furen, ya sa garin wani furen da hannunsa, ya ɗauki aikin faɗa-wuta. Ya haɗa wata mai manyan furanni da wata ja wur, ya reni 'ya'yan shekaru, ya zaɓi mafiya kyau ya sa musu sunayen matan gidansa. Har yanzu ana sayen rassansu da waɗannan sunaye.

Hawai ta zama jihar Amurka a 1959, manyan jiragen sama suka fara sauka, aka shiga sayar da guntun reshe a leda a filin jirgi a matsayin tsaraba. Ta haka ta shiga Kalifoniya da Fulorida da Teksas. A birnin Houston ne wasu mata, cikinsu har da Elizabeth Thornton, suka kafa ƙungiyar masu renon fulumeriya ta Amurka a 1979, kuma ita ke riƙe da rajistar sunayen nau'o'in na duniya. Abin da mutanen can ke sha a kan wannan bishiya ya isa a jinjina musu. Sanyin ƙanƙara yana kashe ta, saboda haka idan hunturunsu ya gabato sai su tumɓuke ta ko su ja tukwanen, su jibge a garejin mota, sai bazara su fito da su su sake dasawa. Kowace shekara haka.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu wannan wahala. Dogon rani, rana mai ƙarfi, ƙasar jigawa, duk abin da ta baro a gida ta same shi a nan. Wuraren da tsofaffin bishiyoyinta suke su ne shaidar waɗanda suka fara shuka ta a garuruwanmu: gidan Razdan, gidan Di'o, kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, harabar mishan. Amma hannun da ya riƙe wuƙar na namu ne. Dattijon da na koyi abin a wurinsa yana da 'yar rumfar sayar da dashe a bakin hanya, kuma shi ma gado ya yi, mahaifinsa ya yi aikin lambu a gidan wani Bature. Irin waɗannan mutane ba su sha wuyar gane halinta ba. Manomin da ya saba kafa karan rogo da gaɓar rake, ya yi shinge da dashi da bini-da-zugu, ya riga ya san cewa sanda tana tsirowa. Rogon ma da bini-da-zugun daga nahiyar Amurka suka zo mana, haka gwanda da masara da gyaɗa.

Ranar da na sayi reshen farko na ce wa dattijon nan, "Baba, sau nawa zan riƙa ba shi ruwa?"

Ya ce, "Malam, ka ba shi ranar da ka dasa. Daga nan kada ka sake nuna masa buta sai ka ga ganye."

Rabin ilmin ke nan, kuma shi ne ya fi yi wa ɗan koyo wuya, don tausayi kan sa mutum ya yi ta zuba ruwa. Reshen da bai yi saiwa ba ba shi da bakin sha. Ruwan da ka zuba zai kwanta a gindinsa ne, ya yi baƙi, ya yi laushi, ya ruɓe daga ƙasa zuwa sama. Da ruwan da ke cikinsa yake rayuwa har ya fitar da saiwa.

Sauran aikin ba shi da yawa. Ka nemi reshe mai tauri wanda fatarsa ta koma toka-toka, ba ɗanyen kore na bana ba, tsawon kamu ɗaya, wato santimita 30 zuwa 45. Ka yanke shi da wuƙa mai kaifi da tsabta a sara ɗaya, kada ka murɗe. Nonon zai zubo, ka kiyaye idonka da na yara, yana da zafi kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayi a fata. Idan akwai ganye ka cire, sai 'yan ƙananan kai. Sannan ka jingine shi a inuwa inda iska ke ratsawa, mako ɗaya zuwa biyu, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. Wannan shanyar ita ce abin da jirgin ruwa da jakar matafiyi suka riƙa yi masa ba da niyya ba. Wanda ya tsallake ta ya kafa ɗanyen ciwo a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓa ya gayyato.

Ƙasar dashe ta zama mai sakin ruwa. Ni yashin kogi nake haɗawa da ƙasar jigawa, na ɗan barbaɗa dakakken gawayi. Laka da ƙasar fadama ba nata ba ne, ɗanyen kashin shanu ma haka, ga shi yana kiran gara. Tukunya ko leda ko tsohon bokiti duk ɗaya ne muddin an huda gindin sosai, kuma ƙarama ta fi babba don ta fi saurin tsanewa. Ka nutsa reshen zurfin yatsa ɗaya, ka danne, ka kafa masa sanda ka ɗaure, don sabuwar saiwarta tana da saurin karyewa, iska ko ɗan akuya na iya tsinke aikin wata guda. Kada ka riƙa zaro shi kana dubawa. A ranar Afrilu irin tamu hantsi ya ishe shi, tsakar rana tana ƙona fatar reshen da bai kama ba. Cikin mako shida zuwa takwas za ka ga 'yan faratan da ke kansa sun buɗe sun zama ganye. Sai ka fara ban-ruwa, kana barin ƙasa ta bushe tsakani, ka matsar da shi cikin rana sosai, don wadda ba ta samun rana ta awa shida a yini ba ta fure kirki.

Ɗan koyo ya fara da fara ko mai rawaya, su ne masu saurin kamawa. Jajaye masu duhu suna da taurin kai, shi ya sa ƙwararru kan yi musu aure a kan gindin wata, yadda ake yi wa mangwaro. Wajen taki, ɗan kamfa kaɗan a farkon damina ya wadatar, yawan yuriya ganye zai tara maka ba fure. Idan damina ta yi nisa kana iya ganin wani gari ruwan lemo a bayan ganye. Tsatsa ce, wata cuta da aka fara ganowa a tsibirin Gwadaluf a 1902, ta bi bishiyar har ta cim mata a Hawai a 1991. Ba ta cika kashewa ba. Ka tsince ganyen da ya kamu ka ƙone. Idan kuma hunturu ya zo ta zubar da ganye, barci take yi, ka rage ruwa ƙwarai.

Akwai wani abu da nake son mai reno ya lura da shi. Reshen firanjifani ba ya rabuwa sai inda ya yi fure ko inda aka yanke shi, daga nan ne biyu ko uku ke fitowa. Saboda haka yanka ba ya cutar da uwar, ƙara mata kawuna yake yi, kowane kai kuma wurin fure ne. Mai bishiya ba shi da hujjar rowa.

Abin da ke damuna shi ne yadda tsofaffin bishiyoyin nan ke tafiya. Ana sayar da gidajen unguwannin Turawa, a yanka fili gida huɗu, a shafe tsakar gida da siminti, bishiyar da ta girmi mai gidan a sare ta a wuni ɗaya a zubar, ko itacen girki ba ta yi. Kowane reshe a tarin sharar nan bishiya ce da za ta tashi. Masu sayar da dashe kuma ba sa riƙe asali, ka tambayi launi a ce maka sai ta yi fure ka gani. Ba sai mun kafa rajista irin ta Houston ba. Ɗan ƙyalle a ɗaure a reshe, a rubuta launinsa da gidan da aka yanko shi, ya isa mafari, kuma mai saye zai biya fiye da yadda yake biya yanzu.

Lokacin yanka a ƙasarmu shi ne ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sanyi ya wuce, ƙasa ta ɗumama, reshe zai kama kafin ruwan Yuli da Agusta ya sauko da ƙarfi. Idan akwai tsohuwar bishiya a unguwarku, ka yi sallama da mai gidan ka roƙi reshe biyu. Ka dasa ɗaya, ɗayan ka ba maƙwabcinka, ka kuma gaya masa zancen ruwan.